Kurakuran da mutanenmu ke ta maimaitawa a hawan Bear Mountain lokacin kaka

Duk Oktoba sai an samu sabbin zuwa daga Bronx da Harlem sun ga hotunan ganyaye sun koma ja da rawaya a Instagram, a cika mota a nufi Bear Mountain, kuma kurakuran nan dai su ne na bara, su ne na bara waccan. Na gaji da faɗa wa mutum ɗaya-ɗaya a waya, gara in rubuta kowa ya gani.

Wurin ba nisa, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce arewa da birnin New York a gefen kogin Hudson, kuma dutsen bai kai mita 400 ba. Abin da ke ruɗin mutane ke nan, sai a ce ai tudu ne kawai, yanzu za mu hau mu sauko.

Babbar matsalarmu makara ce. A sa ƙarfe tara, sha biyu ta yi ana jiran wane yana wanka, wance ba ta gama soya kaza ba. A ƙarshen mako lokacin da ganye ya yi kyau wurin fakin cika yake tun da hantsi, sai ku ɓata wani lokacin kuna zagaye da mota. To a ƙarshen Oktoba rana tana faɗuwa wajen shida ne, kuma Lahadin farko na Nuwamba ana mayar da agogo baya da awa ɗaya, kafin biyar an yi magariba. Ga kuma abin da ba a lura da shi, inda ake ajiye motoci kusa da tafkin Hessian yana gabas da dutsen ne, don haka kana gangarowa dutsen ya riga ya tare maka rana, cikin bishiyoyi duhu yana rigan agogo. Wata shekara na raka mutane muka fara hawa bayan uku saboda jiran wasu, a sama kowa ya tsaya ɗaukar hoto da bidiyo har batir ya yi ƙasa, sanyi kuma yana shan caji, muka sauko da tocilar waya biyu mu da yawa, da wata baiwar Allah da goyo tana ta salati, yara suna kuka, ina gaba ina lalubar alamar fenti a jikin bishiya da hannu. Wallahi har yau in na tuna raina ɓaci yake. Tun daga nan ba na jiran kowa, takwas ta yi na tayar da mota, wanda zai ji haushi ya ji. Kuma tun a ƙasa nake faɗa, ƙarfe biyu na rana za mu juyo, mun kai sama ko ba mu kai ba. Fitilar da ake ɗaurawa a goshi tana cikin jakata ko da safe na fita.

Na biyu takalmi. Haba jama'a, silifas? Takalmin zuwa Juma'a? Kambas ɗin da ƙasansa ya suɗe? Ganyen nan da kuka zo kallo shi ne zai kayar da ku, yana rufe rami da saiwa da gefen dutse, in kuma raɓa ko yayyafi ya jiƙa shi a kan falalen dutse sulɓinsa kamar miyar kuɓewa. Ƙanena ya yi targaɗe a idon sawu a nan, ni na tallabo shi har ƙasa, ya yi makonni bai je aiki ba, kuma kun san ƙasar nan, in aikin awa kake, ranar da ba ka fita ba babu ko sisi. Ku sayi takalmi mai ƙasan roba mai kaushi, ku ɗaure igiya da kyau, kar kuma ranar ce za ku fara sa shi. Ni dai ta hanyar Major Welch nake hawa, mai alamar jan ɗigo a kan fari, don ita ce mai tsayi da duwatsun da sai ka sa hannu, sannan in sauko ta hanyar Appalachian mai farar alama, wadda aka shimfiɗa wa matakalan dutse ɗaruruwa. Wasu suna yin akasin haka, ban yarda ba, sauka a kan falale mai jiƙaƙƙen ganye ya fi hawa haɗari nesa ba kusa ba. Zagayen duka wajen kilomita 6 ne. In kun ga alama biyu, ɗaya a saman ɗaya, hanya za ta karya kwana, in kuma kun yi tafiya ba ku ga alama ba ku koma inda kuka ga ta ƙarshe, kar ku ce za ku yanke.

Ku hana yara tsinko kowane jan ganye. Akwai wani mai yaɗo, ganye uku-uku a haɗe, a nan ana ce masa foizin aibi, lokacin kaka ja yake yi gwanin sha'awa, man jikinsa yana sa ƙuraje da ƙaiƙayin da sai ya yi sati biyu ko fiye. Wanda ya taɓa a wanke masa hannu da sabulu nan take.

Kaska ma ba ta tafi ba don an fara sanyi, manyanta suna nan Oktoba da Nuwamba kuma suna ɗauke da cutar Lyme, mai kawo zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi. Ku cusa ƙafar wando cikin safa, in an dawo gida a duba bayan gwiwa da hammata da cikin gashi, in an gan ta a cire da hantsaki a miƙe, ban da ƙona ta da ashana.

Rigar auduga tana riƙe gumi, kana tsayawa a sama iska ta buge ka sai rawar ɗari, ku zo da jaket a jaka. Ruwa ku lissafa har da na alwala, azahar a can za ta same ku. Taswira ku sauke ta a waya tun a gida. Ƙashin kaza da leda ku dawo da su, akwai baƙaƙen beyar a dajin, bai kamata su saba da abincin mutane ba. Sifika kuma dan Allah a bar ta a mota.

Su Baba da Hajiya kar ku takura musu da hawa, akwai titin mota har saman dutsen, wurin hasumiyar Perkins da aka gina a 1934, daga nan in gari ya yi garau har dogayen benayen Manhattan ana hangowa. Sai dai titin ba duk shekara yake buɗe ba, kuma ruwan da aka tafka a Yulin 2023 ya lalata hanyoyi da dama a dajin, don haka ku duba shafin hukumar wurin tun da daddare ku ga wace hanya ce a buɗe kafin ku tara mutane.