Yadda ake kama buzuzu da malam-buɗe-littafi mai wutsiya a kurmi

Tarko ɗaya ba ya kama su biyun, domin buzuzu wari yake bi, shi kuwa malam-buɗe-littafi mai wutsiya, wato mai ɗan tsini kamar wutsiya a fukafukansa na baya, rana da danshi yake nema.

Buzuzu sai da rami. A binne kofin roba bakinsa ya yi daidai da ƙasa, a zuba ruwan gishiri da ɗigon sabulu, sannan a rataye ɗanyen kashi kamar giram 50 a ƙyalle bisa bakin kofin. A kafa masa rufi, in ba haka ba ruwan sama zai cika kofin ya kwashe abin da aka kama. Tsakanin tarko da tarko a bar aƙalla mita 50, don kada warinsu ya gauraya. A duba bayan awa 48, kafin kashin ya bushe ya daina jan su.

Mai wutsiya kuwa da raga ake kama shi, da hantsi zuwa azahar, a jiƙaƙƙen yashin bakin rafi inda mazan ke tsotsar gishiri. Ruɓaɓɓiyar ayaba ba ta cika jan wannan dangi ba. A riƙe shi ta ƙirjinsa, domin garin fukafukinsa na gogewa a yatsa, wutsiyar kuma saurin karyewa gare ta.