Kurakuran da aka fi yi wajen tsayar da lokacin duba gida kafin ciniki

Mai duba gida, komai ƙwarewarsa, amfaninsa yana ga lokacin da aka kira shi. Idan kuɗi ya riga ya bar hannun mai saye, rahoton da zai rubuta ba zai rage farashi ba, ba zai tilasta wa kowa gyara ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a biya kuɗin gida duka, a karɓi makulli, sannan a nemi injiniya ya zo ya gani. Lokacin da ya dace shi ne bayan an daidaita kan farashi, kafin a cika kuɗi. Kuma kada a bar maganar a fatar baki. A rubuta a yarjejeniya cewa ciniki ya rataya ne a kan sakamakon dubawa, a faɗi kwana nawa aka ba mai saye, a kuma fayyace makomar kafin alƙalami idan ya fasa saboda aibin da aka gano. Rigima takan taso ne daga wannan gaɓa ta ƙarshe, don ita aka fi mantawa.

Wasu sun sami wa'adin, amma sai su bari sai ana gobe zai cika. Zagayen kansa awa 2 zuwa 4 ne a matsakaicin gida. Abin da ke biyo baya ne mai cin lokaci: jiran rahoto, kiran mai wayarin ko mai famfo ya tabbatar, neman ƙiyasin kuɗin gyara, sannan komawa kan ciniki. Ranar da aka sa hannu, ranar ya kamata a kira mai dubawa.

A je da rana, ba da almuru ba. A kuma tabbatar akwai wuta da ruwa a gidan ranar, domin bututun da babu ruwa a cikinsa ba ya nuna yoyo.

Batun yanayi kuwa ya cancanci a tsaya a kansa. Gidan da aka duba da rani yakan ɓoye rabin halinsa. Rufi mai yoyo, tsakar gida da ruwa ke kwanciya, magudanar da ta toshe, danshin da ke hawowa daga harsashi, duk sai ruwan sama ya sauka suke bayyana. In da hali, a koma washegarin ruwa mai ƙarfi. In ciniki ba zai jira damina ba, a bi sawun da ruwa ya bari: tabo a silin, fenti mai kumbura ko ɓarewa, farin gishiri a gindin bango, tsatsa a kwano, warin ruma a ɗakin da aka daɗe da rufewa. Sabon fenti a bango ɗaya tak, ni dai yakan sa ni tambayar dalili. Haka tsaga: siririya kamar gashi galibi ta filasta ce, amma wadda ta wuce milimita 5, ko take ƙara buɗewa, aikin injiniya ce, kuma sanin ko tana motsi yakan ɗauki makonni.

Mai sayarwa ma yana da nasa kuskuren, wato jiran mai saye ya tono masa aibin gidansa. A lokacin an fi ƙarfinsa, ragin da za a nema yakan wuce kuɗin gyaran. Da ya sa an duba kafin ya ba dillali, da ya yi gyara a tsanake, ko ya faɗi aibin tun farko ya sa farashin da ya dace.

Mai sayen gidan da ake kan ginawa kada ya jira a gama. Wayoyi da bututu a gan su kafin filasta, katakon rufi kafin a buga silin.

Saura dubawa ta biyu, wadda mutane ke ganin ɓata lokaci ce. Idan an yi alkawarin gyara, mai dubawa ya dawo ya ga an yi. Sannan a sake zagayawa bayan an kwashe kaya, kafin a miƙa ragowar kuɗi, don gara da danshi sukan fake ne a bayan kabad da ƙarƙashin kafet.