Yadda Za Ka Rage Wa Photoshop Nauyi a Ƙaramar Kwamfuta

Idan Photoshop na yi maka tafiyar hawainiya, kada ka yi gaggawar sayen sabuwar kwamfuta. Buɗe Photoshop, danna Ctrl da K don buɗe saitunansa, ka shiga sashen Performance.

1. Fara da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita. Manhajar kan ɗauki kashi 70 cikin 100 na abin da ke akwai. Ɗaga shi zuwa 80, amma kada ka haura 85, domin Windows ma na buƙatar nasa rabon. Rufe Chrome kafin ka fara aiki, don shi ma yana cin RAM.

2. Rage History States daga 50 zuwa 20. Wannan shi ne adadin matakan da za ka iya komawa baya idan ka yi kuskure, kuma kowanne yana cin wuri. A ganina 20 ta wadatar da mai gyaran hotunan biki.

3. Sai Scratch Disks, shi ma yana cikin saitunan da Ctrl da K ya buɗe. Idan RAM ya cika, Photoshop kan ari wuri a faifan ajiya ya ci gaba da aiki. In faifan ya cushe da hotuna da bidiyo, komai sai ya tsaya cak. Zaɓi faifan da ya fi sauri, musamman SSD (nau'in faifai mai sauri) in kana da shi, ka kwashe tsofaffin ayyuka ka ba shi sarari.

4. Rufe manhajar ka sake buɗewa, saitin ya kama.

In ta sake nauyi kana tsakiyar aiki, shiga Edit, Purge, All, don share abin da manhajar ta tara a RAM, har da matakan komawa baya. Sai dai ka adana aikinka tukuna, don abin da ka share ta nan ba ya dawowa.