Abin da Direban Babbar Mota Zai Yi Idan Ya Ga Abokin Sana'arsa Yana Tuƙin Ganganci

Duk wanda ya taɓa zama a teburin mai shayi inda manyan motoci ke kwana a Sakkwato, ko a Kalambaina inda tireloli ke jiran lodin siminti, ya san direbobi ba su da abin hira kamar tuƙin junansu. Sun san wanda hannunsa ya faɗa, sun san mai haɗiyar ƙwaya kafin ya kama hanyar Legas, sun kuma san mai miƙa wa yaronsa sitiyari da tsakar dare ya koma baya ya kwanta. Amma da wuya wannan sani ya wuce teburin, domin a wurin yawancinsu kai ƙarar ɗan'uwa raba shi ne da hanyar abincinsa, kuma babu mai son a ce shi ne silar karɓe makulli daga hannun mai iyali. Wannan jin nauyi yana da tushe, ban kuma raina shi ba. Sai dai tirelar da ke ɗauke da buhun siminti 600 tana jan tan 30 ne ban da nauyin kanta, kuma ranar da ta ƙwace a tsakiyar Bodinga ko Gwadabawa, waɗanda za ta bi ta kansu su ma masu iyali ne. Saboda haka abin dubawa shi ne wane irin tuƙi ya cancanci magana, wa za a gaya wa, kuma ta wace hanya.

Kafin ka ɗaga baki a kan wani, ka fara duba naka kayan, domin direbobi ba sa sauraron gyara daga wanda suka san shi ma haka yake. Ka tabbata lasin ɗinka na ajin G ne idan tirela kake ja, kuma bai ƙare ba. Ka san cewa ƙa'idar hanya ta Najeriya ta iyakance wa tirela da tanka gudun kilomita 45 a awa cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a kan tagwayen hanyoyi na ƙetare gari, kuma tun Fabrairun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC, ta fara tilasta sanya na'urar taƙaita gudu a motocin haya. Ka riƙa karanta lambobi huɗu da ke jikin taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, domin hukumar tana ɗaukar tayar da ta shekara huɗu a matsayin wadda wa'adinta ya cika. A zafin Sakkwato na watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 kwalta kuma ta ɗauki wuta, tsohuwar taya ba ta da alkawari.

Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi sauran wuya, shi ne ka rarrabe abin da idonka ya gani. Ba kowace karkacewa ce ganganci ba. Direban da ya buɗe sosai kafin ya sha kwana a shataletale yana yi wa bodinsa wuri ne, kuma mai ƙaramar mota da ya kutsa ta gefensa shi ne da laifi. Wanda ya koma ɗaya hannun na ɗan lokaci wataƙila rami yake kauce wa. A hanyar Tureta zuwa Talata Mafara da Gusau ma akwai wuraren da tsoron 'yan bindiga ke sa mutum ya taka totur fiye da son ransa, kuma wanda bai taɓa bin hanyar da yamma ba bai kamata ya yi saurin yanke hukunci ba. Akwai kuma kuskuren sau ɗaya, irin wanda babu direban da ya tsira daga gare shi: an manta sigina, an makara wajen taka birki, an yi kuskuren auna nisan motar da ke tahowa cikin hazon hunturu. Irin wannan, ɗan oda ko walƙiya fitila ya wadatar, kowa ya kama gabansa.

Abin da ya cancanci magana shi ne wanda ya zama ɗabi'a. Misalinsa direban da kullum yake wuce mota a kan kwana ko a hawan tudu inda ba ya ganin gabansa, da mai manne wa ƙaramar mota yana danna mata oda har sai ta sauka daga kwalta, da mai tafiya da dare ba fitilar baya, da wanda motarsa ke lalacewa ya bar ta a kan hanya ba alamar gargaɗi sai 'yan ganyaye, sa'annan idan ya gyara ya tafi ya bar duwatsun da ya tare taya da su. Haka nan mai ɗora mutane a saman shanu daga kasuwar Illela ko a saman buhunan albasa, abin da hukuma ta haramta, domin idan motar ta kife fasinjojin saman ba su da abin da zai kāre su. Sama da waɗannan duka akwai haɗarin da ba ya jira: motar da ke tangal-tangal daga wannan gefe zuwa wancan alamar gyangyaɗi ko maye, tankar da ke zubar da mai, kwantenar da ba a ɗaure ba, ko motar da ka san birkinta ya tsinke amma an ce a lallaɓa a kai gari na gaba.

Idan ɗabi'a ce, kuma ka san mutumin, to ka fara da shi kansa, a keɓe, ba a gaban yaransa ba, ba kuma lokacin da ya sauko a gajiye ransa a ɓace ba. Ka bari ya ci abinci ya yi salla. Ka faɗi abin da ka gani da wuri da lokaci, kada ka siffanta halinsa. Akwai bambanci tsakanin ka ce masa ba ya da hankali da ka ce: "Maigida, jiya bayan mun wuce Tambuwal ina bayanka lokacin da ka fito za ka wuce waccan tankar, wallahi sai da na yi salati, don na hango bas tana tahowa." Idan ya girme ka a sana'a, ka nemi sa'ansa ko wanda ya koya masa mota ya yi maganar, domin akwai gyaran da ba ya karɓuwa sai daga bakin babba. Sau da yawa a nan ake gamawa. A nan ne kuma za ka ji abin da ba ka sani ba, watakila ya ce maka ya yi wata uku yana roƙon mai motar ya canza taya, ko an yanka masa ranar da dole ya sauke kaya a Kudu, ko kuɗin hanyar da aka ba shi ba zai isa ba sai ya ɗauki fasinja. Idan haka ne, laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, kuma duk ƙarar da za ka kai nan gaba wajibi ne ta ambaci wannan.

Idan nasiha ba ta yi ba, sai ka je wurin shugabannin tasha. Ƙungiyar direbobi ta NURTW, da ta masu motoci ta NARTO, da reshen direbobin tanka na NUPENG duk suna da shugabanni a matakin reshe, kuma suna da abin da jami'in kan hanya ba shi da shi, wato sun san mutumin, suna iya hana shi layin lodi na wasu kwanaki ko su kira ubangidansa. Idan motar kamfani ce, tsarin da FRSC ta kafa a 2007 ya wajabta wa duk mai motoci biyar ko fiye ya yi rajista ya kuma ajiye jami'in kula da lafiyar tuƙi, shi za ka nema. Wasu kamfanonin suna rubuta lambar waya a bayan motocinsu don wannan dalili. Ka roƙi a sakaya sunanka idan kana tsoron gaba, amma ka yarda a tambaye ka.

Shi kuwa haɗarin da ba ya jira, babu zancen kunya a cikinsa. Ka kira 122, lambar gaggawa ta FRSC wadda ba a cajin kuɗi a kanta, ko 112, lambar gaggawa ta ƙasa baki ɗaya. Idan kai ke tuƙi, yaronka ya yi kiran, ko ka sami wuri mai kyau ka tsaya, don kada garin ceton wasu ka zama kai ne matsalar. Ka faɗi lambar motar, ka kuma lura cewa lambar da ke bayan bodi kan saba da ta kan motar, don haka ka bayyana wadda ka karanta. Ka faɗi launinta da irin kayanta da duk wani rubutu da ke jikinta, sai garin da kuka wuce da wanda ta nufa da ƙarfe nawa, domin jami'an da ke gaba ne za su tare ta. "Farar DAF mai jan bodi, ɗauke da shanu da mutane a sama, ta wuce Kware ta nufi cikin Sakkwato, tana kaiwa da komowa a kan hanya" ya fi amfani nesa ba kusa ba da "wani mahaukacin direba". Ka bar rata mai yawa tsakaninku. Kada ka bi shi da gudu, kada ka tare masa hanya da motarka, kada kuma ka tsaya cacar baki da wanda kake zargin yana cikin maye.

Abu ɗaya da nake ƙi ƙwarai shi ne ɗaukar bidiyo a watsa a Facebook ko TikTok da fuskar mutum da lambar motarsa. Wannan tozarci ne, ba ya tsayar da motar a daren da ake bukatar tsayar da ita, kuma daƙiƙa ashirin na hoto ba sa nuna abin da ya faru kafin a fara ɗauka. Idan yaronka ya ɗauki bidiyo, a miƙa shi ga ƙungiya ko kamfani ko hukuma. Ka kuma binciki zuciyarka idan akwai tsohuwar rigimar layi ko ta bashi tsakaninku, domin a irin wannan hali gara ka sa wani da ya shaida abin ya yi maganar, kai kuma kada ka ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da ka gani.

Yana yiwuwa ka kai ƙara ka ga ba a yi komai ba. Ka rubuta ranar da wurin da wanda ka gaya wa a ɗan littafin da kake lissafin mai da kuɗin hanya, domin idan abin ya sake faruwa, magana ta biyu mai kwanan wata ta fi ta farko nauyi, kuma a lokacin kana da hujjar tsallake reshe ka tafi ofishin ƙungiya na jiha ko na FRSC da ke Sakkwato.