Yadda Ake Ɗaukar Hoton Namun Daji Da Shimfiɗar Ƙasa

Wanda ya fara sha'awar ɗaukar hoton namun daji yakan soma da tambayar wace kyamara zai saya, alhali tambayar da ta fi cancanta ita ce yaushe dabbar da yake nema take zuwa mashaya, kuma ta wane ɓangare rana za ta haskaka ta idan ta zo. A ganina, yawancin aikin yana kammaluwa ne tun kafin yatsa ya taɓa maɓallin ɗauka, domin wanda ya san halin dabba da tafiyar haske zai dawo da abin kallo ko da kyamararsa matsakaiciya ce, wanda kuwa bai san su ba zai dawo da hotunan bayan dabbobi suna gudu.

Saboda haka a fara da sanin wurin. A tambayi ma'aikatan gandun daji, a lura da sawu da kashi da hanyoyin da dabbobi suka saba bi, a kuma tuna cewa mafi yawansu da sassafe da yammaci suke walwala, su fake a inuwa idan rana ta take. Wannan ya yi daidai da buƙatar mai hoto, domin sa'ar farko bayan fitowar rana da sa'ar ƙarshe kafin faɗuwarta su ne lokutan da haske ke zuwa a kwance, ya fito da zanen gashin dabba da tudu da kwarin ƙasa. Hasken rana tsaka kuwa daga sama yake saukowa, ya jefa inuwa a cikin idanun dabba, ya kuma kashe launi. A isa wurin tun da sauran duhu, a zauna inda iska ke kaɗowa daga wajen dabbar zuwa wajen mutum, domin barewa da giwa da ɓauna sukan ji ƙanshin mutum tun kafin su gan shi. A sa tufafi marasa ƙyalli da ƙara, a rage motsi, idan kuma za a matsa kusa to kada a nufi dabbar kai tsaye, a bi ta gefe a hankali, ana tsayawa duk lokacin da ta ɗaga kai.

Abubuwa uku ne ke tantance hasken hoto: tsawon lokacin da marfin kyamara, wato ƙyauren cikinta da ke buɗewa haske ya shiga, yake a buɗe, da faɗin kafar da hasken ke bi, da kuma ISO, wato ƙarfin jin hasken na'urar. A hoton dabba, saurin marfi shi ne kan gaba. Dabbar da take tsaye ana iya kama ta da 1/500 na daƙiƙa, wadda take gudu tana buƙatar 1/1000 ko fiye, tsuntsun da yake tashi kuma sai an kai wajen 1/2000 kafin fikafikansa su fito tsaf. Akwai tsohuwar ƙa'ida ga mai riƙe kyamara a hannu: kada saurin marfi ya gaza lambar tsawon gilashin gaban kyamara, wato gilashi mai milimita 400 yana son aƙalla 1/400, saboda dogon gilashi yana ƙara girman rawar hannu kamar yadda yake ƙara girman dabba. Kafar haske kuma, wadda ake auna ta da lambar f (ƙaramar lamba ita ce kafa mai faɗi), a buɗe ta sosai, f/4 ko f/5.6, domin haske ya wadata kuma bayan dabbar ya dushe ta fito ita kaɗai.

A nan ne masu koyo da yawa suke cutar da kansu da tsoron ɗaga ISO, don sun ji cewa yana kawo dishi-dishi a hoto. Gaskiya ne yana kawowa, amma hoton da aka ɗauka da ISO 1600 ko 3200 ya fito da ɗan tsaki-tsaki ana iya gyara shi a kwamfuta, wanda kuwa motsi ya ɓata babu manhajar da za ta dawo da shi yadda ya kamata. Ni dai na gwammace in ɗaga ISO da asuba in samu idon dabba a fili.

Ido shi ne inda ake saita gani. Idan idon ya fito sarai, mai kallo zai yafe wa sauran jiki, idan kuwa ya dushe to hoton ya mutu ko da kowane gashin wutsiya ya fito. A sa kyamara a tsarin da take bin abu mai motsi tana sabunta saiti, a kuma ɗauki hotuna da yawa a jere lokacin da wani abu yake faruwa, ba a kowane lokaci ba. Sannan a sauko daidai da tsayin idon dabbar, ko da hakan na nufin durƙusawa ko kwanciya rub da ciki inda babu haɗari, domin hoton da aka ɗauka daga sama yana ƙasƙantar da ita, wanda aka ɗauka daga daidai idonta kuwa yana shigar da mai kallo duniyarta. A bar fili a gefen da take fuskanta, kuma kafin a danna a dubi abin da yake bayanta, domin taku biyu zuwa hagu ko dama yakan kawar da reshen da zai zama kamar ya tsiro daga kanta.

Hoton shimfiɗar ƙasa yana son akasin wannan saiti. Duwatsu da koguna ba sa gudu, don haka a ɗora kyamara a kan maɗori mai ƙafa uku, a bar ISO a 100, a tsuke kafar haske zuwa f/8 ko f/11 domin na kusa da na nesa su fito tare. Tsukewa har f/22 ba ta ƙara kyau, sai ma ta rage kaifin hoton saboda yadda haske ke bazuwa idan ya bi ƙaramar kafa. A yi amfani da jinkirin daƙiƙa 2 don kada danna maɓalli ya girgiza kyamara. Gilashi mai faɗin gani, kamar milimita 16 zuwa 35, yana ɗebo wuri mai yawa, amma yana mayar da babban dutse ɗan ƙarami, shi ya sa ake neman wani abu a kusa, kamar falalen dutse ko kututture ko bakin rafi, wanda zai ja ido daga gaba zuwa can nesa. Layin da sama ta haɗu da ƙasa ya zama a miƙe, kuma a yanke shawara ko samaniya ce abin kallo ko ƙasa, a ba wadda aka zaɓa kaso mafi girma. Ruwa mai gangarowa yakan zama kamar farin zare idan aka bar marfi a buɗe na rabin daƙiƙa, gilashin tace ƙyalli kuma yana cire walƙiyar ruwa da ganye, ya fi aiki idan rana tana gefen kafaɗar mai ɗauka. Kada a tsaya jiran sama ta washe tas, domin hazo da hadari da hasken da ke ɓullowa bayan ruwan sama sun fi shuɗiyar samaniya ba da hoto mai rai. A adana hotuna a tsarin RAW, wanda ke riƙe bayanan wurare masu duhu da masu haske don gyara daga baya.

Game da kula da kaya, sanyi yana saurin cinye batir, don haka a ajiye na biyu a aljihun ciki. A guji canza gilashi inda ƙura ke tashi, idan kuma za a shiga wuri mai ɗumi daga sanyi, a bar kyamara a rufe cikin jaka har ta yi ɗumi don kada raɓa ta kwanta a cikinta.

Abin da ya fi damuna a wannan sana'a shi ne yadda wasu ke takura wa dabba don hoto. Barin tazara dole ne. A gandun Yellowstone na Amurka, doka ta ce a nisanci beyar da kerkeci da yadi 100, wato kimanin mita 91, sauran dabbobi kuma da yadi 25, kuma tun 2014 aka hana tayar da jirage marasa matuƙi a gandunan dajin ƙasa na Amurka. Ko inda babu rubutacciyar doka, dabbar da kanta tana faɗa: idan ta daina kiwo ta zuba wa mutum ido, ko giwa ta baza kunnuwa tana girgiza kai, ko tsuntsuwa ta bar sheƙarta tana kewayawa tana kuka, to an matso fiye da kima, sai a ja da baya. Kada a shiga tsakanin uwa da ɗanta, ko tsakanin dorina da ruwa. Kada a jefa abinci don jawo dabba, domin wadda ta saba karɓa daga hannun mutane takan zama haɗari, kuma sau da yawa ita ake kashewa a ƙarshe. Gaskiya ma tana cikin aikin: a 2010 gasar hoton namun daji da Gidan Tarihin Halittu na Landan yake shiryawa ta ƙwace babbar kyautar 2009, bayan alƙalai sun yanke cewa ga dukkan alamu kerkecin da ke cikin hoton horarre ne, ba na daji ba.

Kafin a wallafa hoto a intanet, a duba ko kyamara ko waya ta maƙala masa bayanan wurin da aka ɗauke shi. Idan hoton karkanda ne, ko giwa mai manyan haure, ko sheƙar tsuntsun da ya yi ƙaranci, a goge waɗannan bayanai, a kuma taƙaita bayanin wurin ga sunan ƙasa ko yanki, domin masu farautar sata su ma suna duba hotuna.