Yadda na cike giɓin kuɗin gini kafin rufi

Ginin ya kai linta lokacin da lissafi ya nuna cewa abin da ya rage a hannuna ba zai kai ni ƙarshen aiki ba, domin siminti da rodi sun tashi bayan an tsara kasafin. Na nemi ƙarin rance a banki, sharuɗɗan suka yi mini nauyi. Ɗan kwangila kuma ya kawo shawarar a rage kaurin rodi, na ƙi, domin ba a tsimi da ƙashin bayan gini.

Abin da ya fisshe ni shi ne zama da mai ƙididdigar kayan gini, muka sake lissafa sauran aikin ɗaya bayan ɗaya. Rufi, ƙofofi, tagogi da filasta muka sa a gaba, tare da binne bututun ruwa da na wayar lantarki, don kada a fasa bango daga baya. Tayil, fenti da katanga muka jinkirta. Sannan injiniya ya sauya zanen rufin daga mai gangara huɗu zuwa mai gangara biyu, wanda ya rage katako da ɓarnar kwano sosai. Muka rubuta yarjejeniya cewa sai an kammala kowane mataki za a biya kuɗinsa, na kuma ware kashi 10 cikin ɗari saboda ko-ta-kwana.

Alhamdu lillahi, an rufe ginin ba tare da sabon bashi ba, kuma ina godiya ga injiniyan.