Yadda Ɗalibi Zai Fara Koyon Motsa Mutanen Katun

Ɗalibin da ke son koyon wannan sana'a ya fara da ƙwallo, ba da fuskar mutum ba. Ya zana ƙwallon da ke faɗowa ya bugi ƙasa ya sake tashi, yana lura da yadda gudunsa ke ƙaruwa yayin saukowa, da yadda yake lotsewa idan ya taɓa ƙasa. A fim, hotuna 24 ne ke wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, kuma tazarar da ke tsakanin hoto da hoto ita ce ke nuna wa mai kallo ko ƙwallon na roba ne ko na ƙarfe.

Bayan haka sai tafiya, wadda ta fi wuya fiye da yadda ake zato. Ya jingine wayarsa ya ɗauki bidiyon kansa yana tafiya, sannan ya kalla a hankali: zai ga jiki yana sauka kaɗan bayan diddige ya taɓa ƙasa, hannun dama kuma yana tafiya tare da ƙafar hagu. Idan ya zo zana tafiyar, sai ya fara tsara manyan tsayuwar jiki tukuna, daga baya ya cike tsakaninsu.

Manhajar Blender, wadda ake haɗa katun da ita a kwamfuta, kyauta ce, haka ma Krita ga mai son zanen hannu, don haka rashin kuɗi ba hujja ba ce. A ganina, aikin daƙiƙa biyar da aka gyara sosai aka nuna wa malami ya fi dogon fim da ba a kammala ba.